Kuɗin Tara da Wutar Lantarki Su Suka Tsara Mini Jerina

An haife ni a Kaduna a shekarar 1984, na tashi a Tudun Wada, kuma ina cikin yaran unguwarmu na farko-farko da suka iya riƙe hannun gem kafin su iya hawan keke. Kwanakin baya wani ƙanena ya turo mini jerin wasannin bidiyo da ya ce sun fi kowanne a tarihi, ya nemi in rubuta masa nawa, na kuwa zauna na rubuta da gaske, ina sa wannan ina goge wancan. Da na kwatanta abin da na rubuta da nasa, da kuma irin wanda mujallun Turai da Amurka ke fitarwa, sai na tarar kusan babu inda muka haɗu. A wurinsu masu dogon labari ne ke kan gaba, irin su Final Fantasy VII na 1997 wanda ya zo a faifai uku, ko The Legend of Zelda: Ocarina of Time na 1998, wasannin da mutum zai shafe makonni yana bi a hankali, ya ajiye inda ya tsaya, gobe ya ɗora. Nawa kuwa yawancinsu cikin minti goma ake gama su, mutum biyu ke buga su, kuma ko an ɗauke wuta ana tsakiyarsu asarar ba ta da yawa. Da na yi tunani a kai, sai na gane cewa kuɗin tara da yanayin wutar lantarki sun riga ni zaɓe tun ina yaro, ni dai na bi bayansu ne.

Na'urar farko da ta shigo gidanmu kawuna ne ya kawo ta, ƙanin mahaifiyata da ke fatauci tsakanin Kaduna da Legas, wajen shekarar 1993. Kwaikwayo ce ta Famicom ɗin da kamfanin Nintendo ya fitar a Japan tun 1983, wato abin da ya zo mana a matsayin sabon yayi ya riga ya shekara goma a ƙasar da aka ƙirƙiro shi. Ta zo da kaset ruwan ɗorawa wanda aka rubuta a jikinsa cewa akwai dubban wasanni a ciki, amma da muka bi su ɗaya bayan ɗaya sai muka ga 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa da sauya musu lamba. Baba bai hana ba, amma ya kafa doka: ba a kunnawa sai an dawo daga Islamiyya, kuma da an kira sallar magariba za a zare waya daga bayan talabijin, ko da kuwa mutum yana gab da cin sarkin ƙarshe ne. Tsakanin wannan doka da ɗauke wuta, lokacin da ke hannunmu bai taɓa yin yawa ba.

Super Mario Bros. na 1985 yana cikin jerina, amma can ƙasa-ƙasa. Yana da matakai 32, babu kuma hanyar ajiye inda aka tsaya, don haka duk ranar da aka kunna daga farko ake somawa. Abin da ya cece mu shi ne ɓarauniyar hanyar da ke mataki na biyu, inda ake hawa saman rufi a wuce ƙofar fita a tarar da bututu uku masu tsallakar da mutum gaba, da kuma irinta a duniya ta huɗu wadda ke kai mutum har ta takwas. Ban san adadin lokutan da na bi matakin farko na wasan nan ba, kuma sai da na girma na fahimci gwanintar masu tsara wasan, Shigeru Miyamoto da abokan aikinsa, a wurin: ba su rubuta maka kalma ɗaya ta bayani ba, amma naman kazar farko da ta fito takan bugi bututu ta dawo kanka ko kana gudunta, daga nan ka gane cewa alheri ce. Ga yaran da Turancinsu bai wuce na aji uku ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wanda ya fi Mario matsayi a wurina shi ne Battle City na kamfanin Namco, shi ma na 1985, wanda mu muka sani da sunan tanka kawai. Tsarinsa ba shi da wuyar faɗi. Akwai gaggafa a ƙasan allo da aka kewaye da bulo, tankokin abokan gaba ashirin suna fitowa daga sama a kowane mataki, idan harsashi ɗaya ya sami gaggafar wasa ya ƙare ko da kana da rai goma a ajiye. Ni da yayana muke bugawa, shi a hagu ni a dama, kuma a nan na fara sanin abin da ake nufi da rabon aiki, domin idan dukanmu muka haura sama neman tauraro mai ƙara ƙarfin harbi, to, gida ya zama babu mai tsaro. Yaya yakan ce, "Kai tsaya a gida, ni zan je," ni kuma in ce, "Yaya, kullum ni ne mai gadi?" Idan shebur ya fito allo mukan yi rige-rigen ɗauka saboda yana mayar da bulon gaggafa ƙarfe na ɗan lokaci, idan kuma ka harbi ɗan'uwanka bisa kuskure tankarsa takan sandare na 'yan daƙiƙu, abin da ya sha jawo mana faɗa har sai Hajiya ta leƙo daga tsakar gida. Mafi ɗacin abin shi ne mutum ya harbe gaggafarsa da hannunsa garin korar maƙiyi, kuma duk wanda ya buga wasan nan ya san wannan shirun da ke biyo baya. Har yau ban ga wasan mutum biyu da ya fi shi tsabtar tsari ba, ina faɗin haka ne bayan na ga na zamani masu hoto kamar a taɓa.

Contra na Konami shi ma yana cikin jerin, saboda dalili ɗaya da na tabbata masu tsara shi da gangan suka sa: wanda ransa ya ƙare yana iya satar rai daga na abokin wasansa. Ga kuma mataki na uku, na hawan dutse mai gangaren ruwa, inda idan ɗaya ya yi gaggawar haurawa allon zai bar ɗayan a ƙasa ya mutu. Zumunci da yawa ya girgiza a wannan mataki. Zamanin na'urar Sega kuwa ya zo ya wuce bai bar mini abin riƙewa ba. Na buga Mortal Kombat kamar kowa, na haddace yadda Sub-Zero ke daskarar da mutum, amma da na zo rubuta jerin na goge shi, domin abin da ya ja mu gare shi jini ne, kuma da idon ya saba sai ya zama babu sauran abin nema. Jinin nan ne ma ya kai shi gaban majalisar dattawan Amurka a ƙarshen 1993, har aka kafa hukumar da ke sa wa wasanni alamar shekaru a 1994, labarin da mu a lokacin ba mu ma san ana yi ba.

Na ɗaya a jerina, wanda ban yi jinkiri wajen rubuta shi ba, shi ne wasan ƙwallon ƙafa na Winning Eleven, musamman na uku da na huɗu, na 1998 da 1999. PlayStation ta fita a Japan a watan Disamba na 1994, amma kuɗinta ya fi ƙarfin gidaje irin namu, saboda haka a shagon gem muka san ta. Shagon da nake zuwa ɗan ƙaramin ɗaki ne a bakin titi, da benci biyu da talabijin uku da janareto mai tari a bayan ƙofa. Mai shagon ɗan kudu ne, Kirista, amma haifaffen Kaduna, Hausarsa ta fi ta wasunmu daɗi, Oga muke ce masa. Ana biya ne a kan kowane wasa, ƙa'ida kuma wanda aka ci shi zai biya ya miƙa hannun ga na gaba, wato gwani yana iya wuni a zaune da kuɗin wasa ɗaya, ɗan koyo kuma kuɗin taransa na mako ya tafi kafin la'asar. Faifan duk kwafi ne, sun sha gogewa da gefen riga, kuma idan idon na'urar ya gaji sai Oga ya kifa ta ya ɗora a kan littattafai, mu yi tsit muna jiran baƙin allon nan mai tambarin PlayStation ya fito, domin fitowarsa ita ce shaidar cewa faifan ya karantu.

Komai na cikin wasan da Japananci yake a faifan da muka fara samu. Ba mu iya karanta ko harafi ɗaya ba, amma mun haddace cewa layi na kaza shi ne canjin ɗan wasa, na ƙasansa shi ne tsarin tsayuwa, muryar mai sharhi Jon Kabira kuma ta zauna mana a baki har muna kwaikwayonta a filin ƙwallon unguwa. Kowa ya san dabarar ɗauko Roberto Carlos daga baya a kai shi gaba saboda gudunsa da ƙarfin ƙafarsa, har ta kai an hana ɗaukar Brazil idan wasan na gasa ne. Ni dai Najeriya nake ɗauka, kuma ba don kishin ƙasa kaɗai ba. Ƙungiyar lokacin ita ce wadda ta ci zinare a gasar Olympics ta Atlanta a 1996 bayan ta doke Brazil 4 da 3 da Ajantina 3 da 2, ta kuma doke Sifaniya 3 da 2 a Faransa a 1998, ga Kanu ga Okocha ga Oliseh, ga kuma 'yan garinmu irin su Garba Lawal da Amokachi da Babayaro. Sama da duka akwai Tijjani Babangida, ɗan Kaduna mai buga wa Ajax, wanda masu wasan suka ba shi gudun da kusan babu mai kamo shi. Dabarata guda ce kuma kowa ya san ta: in tura masa ƙwallo ta gefen dama, in danne maɓallin gudu, in kai ƙarshen fili in jefo ta tsakiya. Sanin dabarar bai taɓa isa ya tare ta ba. Daga baya na gano cewa har a Japan da Brazil da Turkiyya yara sun san sunan Babangida ta wannan hanya, kuma a tsarin Master League, inda kake sayen 'yan wasa ka gina ƙungiyarka, wanda aka fara a na huɗu, shi ne ɗan wasan da mai ƙaramin jari ke fara nema.

Ɗauke wuta a tsakiyar wasa shi ne babban abin rigima, domin kafin a tayar da janareto sakamako ya goge, kowa kuma sai ya rantse shi ke gaba. Oga ya yanke hukunci da kansa: idan ba a kai hutun rabin lokaci ba a sake daga farko ba tare da ƙarin kuɗi ba, idan an wuce to abin da 'yan kallo suka shaida shi ne. Ban taɓa ganin wanda ya ɗaukaka ƙara ba.

A watannin Janairu da Fabrairu na 2000 Najeriya da Ghana suka karɓi gasar cin kofin Afirka. Babangida ya ci Afirka ta Kudu ƙwallo biyu a wasan kusa da ƙarshe a Legas, muka kalla a talabijin ɗin shagon muna tsalle a kan benci, sannan Kamaru ta ɗauke kofin a bugun fenariti ranar 13 ga Fabrairu. Ranar 21 ga watan rikici ya ɓarke a Kaduna. Ba zan ba da labarin abin da na gani ba, waɗanda suka rayu a garin sun san shi, an rasa rayuka masu yawa ta kowane ɓangare. Da ƙura ta lafa muka tarar shagon a rufe. Oga ya tsira da ransa, Allah ya kiyaye, amma ya koma hayin kogi kamar yadda dubban mutane suka yi, wasu suka yi kudu zuwa su Sabon Tasha da Television, wasu suka yo arewa zuwa unguwanninmu, garin ya rabu biyu. Rabin waɗanda muke zama benci ɗaya da su ban sake ganinsu ba. An buɗe wasu shagunan daga baya, na ci gaba da bugawa, amma duk wanda ke zaune a gefena sunansa irin nawa ne. Ina sane da cewa wannan yana cikin abin da ya ɗaga Winning Eleven sama da sauran a zuciyata, kuma ban ga dalilin da zai sa in cire shi daga lissafi ba.

Akwai rukunin wasanni da na san farkonsu kawai, kuma su ne waɗanda duniya ta fi yabo. Metal Gear Solid na Hideo Kojima, na 1998, yana cikin faifan shagon, haka ma Resident Evil 2, amma wasa irin wannan yana buƙatar katin memori, katin kuma na mai shago ne, gurabe goma sha biyar kacal gare shi, duk wanda ya zo bayanka yana iya goge naka ya sa nasa. Ga shi ana biya da lokaci, ga masu jiran ƙwallo suna huci a bayanka. Saboda haka na san tashar jirgin ruwan da Snake, jarumin Metal Gear Solid, ke fitowa daga ruwa a farkon wasan kamar tsakar gidanmu, amma sai bayan shekaru na ji labarin abokin gabar nan mai karanta zuciya, wanda ba a cin sa cikin sauƙi sai an zare hannun gem an mayar da shi rami na biyu. Ba zan sa wasan da ban gama a lokacinsa ba cikin waɗanda na fi ƙauna don kawai masana sun yabe shi.

Macijin wayar Nokia 3310 kuwa ya shiga jerin babu gardama. Wayar salula ta GSM ta fara aiki a Najeriya a watan Agusta na 2001, kuma da Yaya ya sami tasa, abin da ya fi burge ni a jikinta ba kira ba ne, wasan Snake II ne da batirin da ke kwanaki bai mutu ba. Shi ne wasa na farko a rayuwata da ɗauke wuta bai isa ya katse ba. A shekarun jami'a a Zariya zamanin PlayStation 2 ne, da Pro Evolution Soccer 6 na 2006 wanda Adriano ke harbi daga ko'ina ta shiga, amma a wurina ci gaban Winning Eleven ne, don haka gurbi ɗaya na ba su. GTA: San Andreas na 2004 na bar shi a waje duk da sa'o'in da ya ci mini. A ɗakunan kwananmu babu mai bin labarinsa, takardar lambobin sirri kawai ake riƙewa a sauko da makamai a tayar da hankalin gari har 'yan sanda su cika allo, kuma yau ba wasa ne da zan kunna 'ya'yana na zaune ba.

Sai da na gama bautar ƙasa na sami aiki, wajen 2010, na sayi PlayStation 2 ta hannu da katin memori nawa na kaina da ƙaramin janareto, a lokacin duniya ta riga ta koma kan ta uku. Wasan farko mai labari da na bi daga farko har ƙarshe shi ne Shadow of the Colossus na Fumito Ueda, wanda ya fita a 2005. Saurayi ne ya kawo gawar yarinya wata haramtacciyar ƙasa, wata murya ta ce masa idan ya kashe ƙattai goma sha shida za a dawo mata da rai. Babu garuruwa, babu ƙananan abokan gaba, daga kai sai dokinka Agro da takobi mai nuna hanya da hasken rana, sai doguwar tafiya a fili fetal. Kowane ƙato sai ka gano yadda za ka hau jikinsa, ka riƙe gashinsa yana girgiza ka, ƙarfin riƙonka yana raguwa a gefen allo. Abin da ya tsaya mini shi ne yawancinsu ba su tsokane ka ba, kai ka je ka same su a inda suke, kuma idan suka faɗi kiɗan da ke tashi na makoki ne, jikin saurayin kuma yana ƙara duhu daga wannan kisa zuwa wancan. Ban taɓa zaton wasan bidiyo zai sa in yi shakkar abin da hannuna ke aikatawa ba. Na fahimci a lokacin abin da masu dogayen jerin nan suke gani, na kuma fahimci cewa irin wannan jin daɗin yana buƙatar ɗaki naka, da wuta tabbatacciya, da daren da babu mai jiran ka tashi. Shi ne na uku a jerina, kuma shi kaɗai ne irinsa a ciki.

Na baya-bayan nan da ya shiga shi ne Age of Empires III, saboda ƙarin da aka yi masa a watan Agusta na 2021 mai suna The African Royals, wanda ya kawo Habasha da Hausawa. Birnin Hausawa a wasan Kano ne, shugabarsu Sarauniya Amina, dakarunsu sun haɗa da 'yan lifidi da maharban Fulani da wani mai bindiga da suka kira Maigadi, dukiyarsu kuma tana da alaƙa da kiwon shanu da sayar da su. Idan ka danna kan mutanenka da Hausa suke amsa maka. Ranar da na fara kunna shi a kwamfuta Hajiya ta zo mana kwana biyu, ta jiyo muryoyi daga falo ta ce, "Kai, baƙi ka yi ne ba ka faɗa ba?" Na ce, "A'a Hajiya, gem ne." Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "Har yanzu?"

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan sallah a Zariya ya ga 'yan lifidi da dawakansu cikin rigunan nan masu kauri da aka cusa wa auduga zai gane cewa masu zanen sun yi bincike, ba su zauna sun ƙaga ba. Akwai wuraren da suka cuɗa zamani da zamani, Amina ta ƙarni na 16 tana jagorantar rundunar da ta fi kama da ta ƙarni na 19, amma haka suke yi wa Faransa da Daular Usmaniyya ma, tsarin wasan ke nan. Na yi ta kai da kawowa kan inda zan ajiye shi, domin daɗin jin harshenka a bakin sojan da kake turawa yaƙi yana iya ruɗar mutum ya ba wasa matsayin da bai kai ba. Da na cire wannan daɗin na auna shi da sauran, sai na ga wasa ne mai kyau wanda zama ɗaya a kansa ke cin kusan sa'a guda, nake kuma buga shi ni kaɗai bayan yara sun yi barci, idan batirin sola bai yi ƙasa ba. Na sa shi na huɗu, a bayan Winning Eleven da tanka da ƙattan Ueda, a gaban Contra da maciji da Mario.